Likita ya ce in riƙa cin salak, ni kuwa ko ganinsa ba na so

Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce a Zariya, 'ya'yana uku. Watan jiya na je asibiti saboda ciwon kai da ya matsa min, aka auna aka ce jinina ya hau, sukarina ma ya fara hawa, ko da yake bai kai a kira shi ciwon suga ba. Likita ya rubuta min magani, ya ce in rage tuwo da shinkafa da lemon kwalba, in yawaita cin ganye, musamman salak.

Anti, tun ina budurwa ba na shiri da salak. A gidan biki in aka zuba min shi a gefen shinkafa ture shi nake yi da cokali. Farin ruwan nan da yake gangarowa cikin shinkafar kaɗai ya isa ya tayar min da zuciya. Ranar da na daure na ci kuwa kwana na yi ina zaryar banɗaki. Amma tunda maganar lafiya ce, na ce bari in gwada a gida. Na duba bidiyoyi a waya, kowanne sai ya ce man zaitun da cukun Turawa da wasu ganyaye da ban taɓa gani a kasuwar Sabon Gari ba. Na haɗa da abin da na samu, ya fito lami, ga ɗaci, kafin maigida ya dawo ya yi yaushi ya tara ruwa. Ya buɗe kwanon ya ce shi ba akuya ba ne. Yara suka fashe da dariya, yanzu duk wanda ya gan ni da latas sai ya kama kukan akuya. Kuɗin cefane kuma kin san yadda ake ciki. Shin in haƙura in tsaya ga magani kawai, ko akwai yadda mutum zai koyi son abin da ransa ya ƙi?

Maman yara, daga Zariya

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Allah ya ba ki lafiya, ya sa kaffara ne.

Kada ki haƙura. Amma bari in fara da tambaya: kina cin kwaɗon zogale? Rama fa? Lansir da azumi? Da wuya a ajiye wa 'yar Zazzau kwaɗon rama da ya ji ƙuli da yaji ta ce ta ƙoshi. In amsarki e ce, to rabin abin da likita yake nema a wajenki kin daɗe da iya cinsa. Ganye ya ce ki ci, bai ce lallai sai irin haɗin da ake yi a gidan biki ba. Abin da Hukumar Lafiya ta Duniya take ba da shawara shi ne babban mutum ya ci aƙalla giram 400 na kayan lambu da 'ya'yan itatuwa a rana, kimanin cikin tafin hannu biyar ke nan, ban da dankali da rogo da doya. Zogalen da aka dafa yana cikin lissafin, kabejin da aka sulala yana ciki, yalon da kike gatsa a tsaye ma yana ciki.

Salak ɗin biki kuwa, ban ga laifinki ba da kika ƙi shi. Ki tuna yadda ake yinsa. Tun da hantsi ake zaunar da 'yan mata su yayyanka latas da kabeji cikin baho, sai bayan an yanka a wanke, a tsame shi yana ɗiga a zuba tumatir da kokwamba a kai, a juye waken gwangwani da ruwansa, a lafta mayonis, a rufe da leda a ajiye a zafi. Ba za a raba ba sai bayan la'asar. Gishirin da ke cikin mayonis da waken nan yana janyo ruwan jikin ganye ya fito, shi ne farin ruwan da kike gani a shinkafarki. Ga dafaffen ƙwai da yankakken ganye sun wuni a rana. Masana tsaftar abinci suna cewa irin wannan kada ya wuce awa biyu a waje, in zafi ya tsananta ma awa ɗaya. To cikinki bai yi miki ƙarya ba. Kuma ko da an yi shi da tsafta, ba shi ne abincin mai hawan jini da sukari ba: mayonis mafi yawansa mai ne, waken gwangwani kuma da sukari da gishiri ake sarrafa shi.

Bidiyoyin nan ma ki ɗan ajiye su tukuna. Masu yinsu da abin da ke kasuwarsu suke girki. Ke ma da abin da ke kasuwarki za ki yi, kuma a fannin nan kasuwarki ba ta da talauci.

Wanda kika yi a gida abu uku ne suka kayar da shi, ina iya faɗa miki ko ban gani ba. Ganyen jiƙe yake, kin haɗa shi tun da wuri, sannan babu tsami da garɗi a ciki. Na farkon shi ne babba, kuma shi mutane suka fi rainawa. Mai da ruwa ba sa haɗuwa, saboda haka duk abin da kika zuba wa jiƙaƙƙen ganye zamewa zai yi ya taru a gindin kwano, ki ci ganyen salam. Ki yanke jijiyar latas ki yar tun kafin ya shiga ruwa, ki ɓare shi fallen-fallen, ki wanke kowane falle gaba da baya, ki canja ruwa har sai kin daina ganin yashi a ƙasan roba. Ruwan ya zama wanda za ki iya sha. Wannan ba fi'ili ba ne, domin wasu lambunan bakin gari da ruwan kwata ake yi musu ban ruwa, kuma ke ba ki san daga wane lambu naki ya fito ba. Gishiri ko ruwan khal da ake sawa a ruwan wanki suna taimakawa wajen fito da ƙwari da tsutsa, amma ba sa kashe duk ƙwayoyin cuta, don haka kada su sa ki yi wa wankin sakaci. Wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama ko kaza kuma sai an wanke ta da sabulu.

In kin wanke, ki zuba a kwando ya tsane, sannan ki juye a kan tsaftataccen farin ƙyalle, ki tattaro bakinsa huɗu ki riƙe, ki fita tsakar gida ki wulwula shi da ƙarfi. Za ki ga ruwa yana feshi ta jikin ƙyallen. Ki buɗe ki taɓa: in ganyen bai jiƙa miki yatsa ba, ya yi. Sai a lokacin za ki yanka, ko ki yayyaga da hannu. Yara za su yi dariyar wannan ma, sai ki miƙa wa babban cikinsu ya riƙa yi miki.

Ɗacin da kika ji, wataƙila daga latas ɗin ne. Shukar sanyi ce. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin da lambunan fadama suke cika kasuwa, yana da taushi da araha. Da zafi ya shigo sai ya miƙe ya yi kara yana shirin fure, farin ruwan jikinsa ya yawaita, ya koma ɗaci. In kin je saye ki duba gindinsa, wanda ya yi dogon kara ki bar wa mai shi. Ki saya da safe kafin rana ta doke shi. In ba lokacinsa ba ne ki rabu da shi gaba ɗaya, ba farilla ba ne.

Yanzu ga mahaɗi, inda daɗin yake. Ki samu ƙaramar kwalba mai murfi. Ki matse lemon tsami cokali ɗaya a ciki, ki sa ɗan gishiri ki girgiza ya narke, domin gishiri ba ya narkewa a mai. Sai ki ƙara man gyaɗa cokali biyu ko uku, wanda kika riga kika soya da albasa ya huce, don gafin ɗanyen mai yana ɓata komai. Ki sa yaji kaɗan, da ɗan dakakkiyar tafarnuwa in kina so, ki rufe ki girgiza har ya yi kauri ya canja launi. Ki tsoma fallen ganye ɗaya ki ɗanɗana. In ya yi miki lami, lemo za ki ƙara kafin ki kai hannu ga gishiri. Wannan ya shafe ki sosai, domin gishirin da aka yarda babban mutum ya ci a yini bai kai giram 5 ba, wajen ƙaramin cokali ɗaya, har da wanda ke cikin dunƙule da yajin tsire da burodi. Tsami yana rufe gurbin gishiri ƙwarai. Kada kuma tsoron ƙiba ya sa ki cire man gaba ɗaya: sinadarin da ke cikin karas da koren ganye wanda jiki yake mayarwa bitamin A sai da ɗan maiƙo yake shiga jiki da kyau. Shi kuma lemon yana taimaka wa jiki ya ɗebi sinadarin ƙarfe daga ganye da wake.

Mahaɗin nan ba ya taɓa ganye sai mai ci ya wanke hannu ya zauna. Ki ajiye ganye daban, kwalba daban, ƙuli daban. In maigida sai bayan isha'i yake shigowa, nasa ya jira shi a haka.

Ki fara da abin da bakinki ya sani. Ki dafa zogale har ya yi laushi, ba tare da kin cika masa kanwa ba, don kanwa tana lalata wasu bitamin ɗin. Ki matse shi sosai, ki kwaɗa kamar yadda kika saba. Abin da za ki canja kawai shi ne ki ninka ɗanyun kayan da ke ciki: tumatir mai tauri da kika cire masa 'ya'ya da ruwan ciki, gurji ko kokwamba, jan tattasai, albasar da kika jiƙa a ruwan sanyi na minti goma don ta rage kaifi. A satin farko zogale ya fi yawa. A hankali ɗanyen ya kamo shi, har ya zama rabi da rabi. Ƙulin kuma ki raba shi biyu: rabi ki daka ya yi laushi ki dama da ɗan ruwa ya kama ganyen, rabi ki dandaƙa shi tsaki-tsaki ki barbaɗa a sama daga ƙarshe, don haƙori ya samu abin da zai ji ƙaras. A ganina rashin wannan ƙaras ɗin ne yake sa mutane da yawa su ji ganye ya gundure su tun a loma ta uku. Sai dai ki sani ƙuli abinci ne mai nauyi, kada ya zama ganyen ne ake nema a cikinsa. Ki riƙa shinshina shi kafin ki saya. Wanda ya yi warin fumfuna ko yake ɗaci ki zubar, domin gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da guba mai lahanta hanta, kuma suya ba ta kashe ta.

Daga nan sai kabeji, wanda shi ne rufin asirin mai ƙaramin cefane, ga shi yana jure rashin firji. Ki yanka shi siri-siri iya yadda wuƙarki za ta iya, ki barbaɗa ɗan gishiri, ki murza shi da hannu, ki bar shi kamar rubu'in awa. Zai yi laushi ya fitar da ruwa, warin nan nasa da ke hawa kai ya ragu. Ki ɗauraye gishirin, ki matse tsaf. Ki goga karas da abin goga kuɓewa, ki zuba, ki sa mahaɗinki da soyayyen riɗi. Wannan shi kaɗai ne zai iya jiran maigida a haɗe bai lalace ba, har ma ya fi daɗi in ya ɗan zauna.

Wanda na fi so ki riƙe da kyau shi ne na wake, saboda shi zai iya tsaya miki a matsayin abincin rana sukutum, ba ɗan rakiyar shinkafa ba. Ki dafa farin wake ya nuna amma kada ya fashe, ki tace. Tun yana da ɗumi ki zuba masa mahaɗin, don wake mai ɗumi ya fi shan tsami da mai. Ki gasa tattasai biyu a kan garwashi har bayansu ya yi baƙi, ki rufe su a kwano su yi gumi, ki saɓule ɓawon, ki yayyanka. Ƙanshin hayaƙin nan shi ne sirrin. In waken ya huce ki haɗa da tattasan da tumatir da albasa da lansir yankakke mai yawa. Wake yana riƙe ciki, kuma ba ya ɗaga sukari da sauri irin na farar shinkafa. Inda bidiyo ya ce ki sa cukun Turawa, ki yanka awara ƙanana ki soya ta sama-sama ki watsa a kai. Dafaffen ƙwai ma ya wadatar.

Sauran kuma wasa ne da abin da lokaci ya kawo. Da bazara, mangwaron da ya ƙosa bai gama nuna ba, a yanka shi da gurji da albasa, a sa yaji da lemo. Yaranki sun daɗe suna cin rabin wannan a bayan idonki. In kina kewar farin mahaɗi mai kauri, ki tace kindirmo a ƙyalle ruwansa ya ɗige, ki sa tafarnuwa da lemo da ɗan gishiri, amma ki tabbata da dafaffiyar madara aka yi shi, kuma mara sukari. In kin samu acca daga wajen mutanen Filato ko kudancin Kaduna, ki turara kaɗan ta yi washar-washar, ki haɗa da lansir da na'a-na'a da tumatir, ganyen ya rinjayi accar. Mutanen Labanan suna da irin wannan haɗin da ɓarzajjiyar alkama, kuma a nasu ma ganyen ne gaba. Wanda kika gwada bai yi miki ba ki bar shi, ba dole sai kin so duka ba. Uku da kike ci da marmari sun ishe ki.

Abin da ba zan lissafa miki a ganye ba shi ne kwaɗon garin kwaki da na ƙanzo da na rogo. Suna da daɗi, na sani, amma sitaci ne, kuma shi likita ya ce ki rage.

Sai maganar maigida. Kalmar da ya faɗa ba ta yi daɗi ba, musamman a gaban yara, kuma ke da kike fama da jinya. Ya zo a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) bai taɓa kushe abinci ba, in yana sha'awa ya ci, in ba ya so ya bari. Amma ba a gaban kwano za ki karanta masa wannan ba. Ki bari sai kun keɓe, hankalinsa a kwance, ki nuna masa takardar asibiti, ki gaya masa abin da likita ya ce da abin da kike tsoro. Maza da yawa ba su ɗaukar hawan jini da muhimmanci sai sun ga mutum ya faɗi. Ki ce masa ba ki nemi ya ci ba, abin da kike roƙo ya hana yara tsokanarki, domin dariyarsa ce ta ba su lasisi. In ya tsawatar sau ɗaya, kukan akuyar ya ƙare.

Bayan haka kada ki sake ajiye masa kwanon ganye zalla a matsayin abincin dare. Namijin da ya wuni a kasuwa ko ofis ya buɗe kwano ya ga latas, ko wane ne sai ya yi magana. Ki ba shi abincinsa yadda ya saba, ki sa ɗan kwaɗon a ƙaramin faranti a gefe, ba sanarwa, ba wa'azin lafiya. Ranar da ya shigo da tsire ko balangu, ki karɓa ki yayyanka a kan kabejin nan mai lemo ki kawo muku tare. Mutumin da yake cinye albasa da kabeji da tumatir ɗin da mai tsire ya naɗo masa a takarda ba zai ce bai san wannan ba. Ke dai ki ɗan tsakuri naman, don yajinsa gishiri ne da dunƙule.

Yara kuma kada ki tilasta musu, kada ki yi musu alkawarin alewa in sun cinye. Yaro yakan buƙaci a gabatar masa da sabon abinci sau goma ko fiye kafin ya karɓe shi, kuma ya fi saurin cin abin da hannunsa ya taɓa. Wannan ya matse lemo, wancan ya girgiza kwalba, ƙaramar ta barbaɗa riɗi. Wanda bai kai shekara biyar ba kada a ba shi gyaɗa guda-guda ko ƙuli mai tauri, yana iya shaƙe shi, a daka masa. Kuma abin da na faɗa game da yara ya hau kanki ke ma: harshen babba yana sabo, sai dai da kaɗan-kaɗan a kai a kai, ba da cika kwano rana ɗaya ba. In kika tashi daga rashin cin ganye kika afka wa wake da kabeji da yawa lokaci guda, ciki zai kumbura ki ce ba su karɓe ki ba. Ki fara da cikin tafin hannu ɗaya a abincin rana, ki ci shi kafin ki taɓa tuwon, ki sha ruwa sosai.

Maganinki kuwa ko kwana ɗaya kada ki ajiye shi da sunan kin koma cin ganye. Zogale abinci ne mai kyau, amma duk wanda ya ce miki zai maye gurbin ƙwayar hawan jini, ki bar shi da maganarsa. Ki koma asibiti ranar da aka ba ki, ki faɗa wa likita ainihin abin da kike ci, har da ƙuli da yaji. In an taɓa ce miki ƙodarki tana da matsala, ko an ɗora ki a kan maganin tsinka jini, ki tambaye shi kafin ki yawaita koren ganye, domin a nan akwai waɗanda ake taƙaita wa.

In damina ta sauka, ko kika ji ana maganar amai da gudawa a unguwa, ki dakatar da duk ganyen da ake ci ɗanye, latas da lansir da ɗanyen kabeji. Ki koma kan wanda ake dafawa da wanda ake ferewa. Lokacin ne ma rama da tafasa da zogale suke yin araha har a bakin ƙofa, ga gurji sabon tsinka. Tumatir in ya yi tsada ko ya yi ruwa, gasasshen tattasai da lemon tsami za su riƙe miki kwaɗon har sanyi ya dawo. Allah ya ƙara sauƙi.